Bayit 8,192 da suka daɗe suna wahalar da masana Linux: tarihin izinin ƙofofin kwamfuta

Makalarmu ta wannan mako za ta kai mu can cikin kwamfuta, inda idon mai amfani ba ya kaiwa. Za mu bi tarihin wata tambaya wadda ta kai shekara arba'in ana juya ta: idan manhaja ta so ta yi magana kai tsaye da wata na'ura da ke jikin kwamfuta, wa zai ba ta izini, ina ake rubuta izinin, kuma wane lokaci ake ɓatawa wajen kula da shi? Idan aka sassauta, manhaja guda za ta iya daskarar da kwamfuta gaba ɗaya. Idan kuma aka tsananta ba da dabara ba, kwamfutar ta yi nauyi, ko tsofaffin manhajojin da mutane ke cin abinci da su su daina aiki. Za mu ɗauki Linux da furosesoshin Intel a matsayin misali, domin a nan ne tarihin ya fi fitowa fili.

Zamanin da ƙofa ba ta da maigadi

Furosesar Intel 8086, wadda ta fito a 1978, tana da umarni biyu na musamman, IN da OUT. Da su ake karɓar bayani daga na'ura ko a aika mata. Kowace na'ura tana da lambobin da take amsawa, waɗanda za mu kira ƙofofi a wannan makala. Lambar ƙofa bit 16 ce, saboda haka ƙofofin duka 65,536 ne.

Da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981, aka soma raba waɗannan lambobi, rabon kuma ya zauna har yau. Allon rubutu yana ƙofa 0x60, agogon ƙidaya yana 0x40 zuwa 0x43, mahaɗar firinta da aka fi sani tana 0x378, mahaɗar COM1 ta modem da linzami tana 0x3F8. A ƙarƙashin DOS kowace manhaja tana iya taɓa ƙofar da ta ga dama. Masu rubuta wasannin kwamfuta sun ji daɗin haka, domin sauri suke nema. Amma DOS manhaja ɗaya yake gudanarwa a lokaci guda. Da zarar an ce manhajoji da yawa su yi aiki tare, ƙofar da ba maigadi ta zama masifa: wannan na aika umarni ga faifan ajiya, wancan ma na aikawa, bayanai su cakuɗe.

Mataki na farko: ko duka ko babu

A 1982 Intel ya fito da 80286 tare da yanayin kariya. Aka raba iko gida huɗu, daga zobe na 0 zuwa zobe na 3. Zobe na 0 shi ne na kanel, wato zuciyar babbar manhaja, wadda ke da iko da komai. Manhajojin yau da kullum suna zobe na 3. Sannan aka ware bit biyu a cikin rajistar tutocin furosesa, aka kira su IOPL. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan lambar zoben da manhaja take ciki ba ta wuce lambar IOPL ba, tana iya taɓa ƙofofi. In ta wuce, furosesa ta hana ta.

Matsalar ita ce wannan izini ba ya rabuwa. Wanda aka ɗaga wa IOPL zuwa 3 ya sami ƙofofi 65,536 gaba ɗaya, ko da ƙofar firinta kaɗai yake bukata. Abin da ya fi muni, izinin ya haɗa da umarnin CLI da STI, masu kashewa da kunna ƙararrawar katsewa. Da wannan ƙararrawa ce kanel ke karɓe furosesa daga hannun manhaja idan lokacinta ya cika. Manhajar da ta kashe ta, sannan ta faɗa cikin zagayen da ba ya ƙarewa, ta riƙe furosesar ke nan, sai dai a kashe kwamfutar daga maɓalli. Mu riƙe wannan batu, domin zai dawo bayan shekara 37.

Taswirar izini ta 80386

Furosesar 80386 ta 1985 ta kawo gyara. Tun a 286 akwai wani ɗan allo a cikin ma'adana mai suna TSS, inda furosesa ke ajiye bayanan aikin da take kai. A 386 aka ba da damar a liƙa masa taswirar izini: bit ɗaya ga kowace ƙofa. Idan bit ɗin 0 ne, ƙofa a buɗe take. Idan 1 ne, a rufe. Duk lokacin da manhajar da IOPL bai ba ta izini ba ta yi IN ko OUT, furosesa da kanta za ta duba taswirar. In ƙofar a rufe take, sai ta tayar da kuskuren kariya mai lamba 13, ta miƙa lamarin ga kanel.

Mu yi lissafi. Bit 65,536 a raba takwas ya ba da bayit 8,192, wato kilobayit 8. Shi kuwa TSS ɗin kansa bayit 104 ne kacal. A ƙarshensa akwai wani ɗan fili mai bit 16 da ke nuna inda taswirar ta fara. Intel ya kafa sharuɗɗa biyu da za su yi amfani daga baya. Na farko, dole a rufe taswirar da bayit ɗaya wanda duk bit ɗinsa 1 ne, saboda furosesa bayit biyu take karantawa a duk dubawa, tunda umarni ɗaya na iya taɓa ƙofofi biyu ko huɗu a jere. Na biyu, idan ɗan filin nan ya nuna wani wuri da ya wuce iyakar TSS, furosesa za ta ɗauka babu taswira, ta rufe dukkan ƙofofi. Wannan sharaɗi na biyu shi ne makullin kusan duk dabarun da za mu gani a gaba.

Linux ya shigo

Linus Torvalds ya rubuta Linux na farko a Helsinki a 1991, a kan kwamfuta mai 386, kuma ya bi tsarin Intel sau da ƙafa. Kowane aiki yana da nasa TSS, furosesa ce da kanta ke sauyawa daga wannan zuwa wancan. A irin wannan tsari taswirar izini ba ta da wahala: tana manne da TSS ɗin aikinta, in aka sauya aiki ta sauya tare da shi.

Wanda ya fi bukatar ƙofofi a lokacin shi ne sabar X, manhajar da ke zana tagogi da linzami a fuskar kwamfuta. Ita ce ke sarrafa katin hoto kai tsaye, alhali tana zaune a zobe na 3. Saboda irinta aka samar da kira biyu zuwa ga kanel. Kiran ioperm yana buɗe zaɓaɓɓun ƙofofi ta hanyar taswira, amma an taƙaita shi ga ƙofofi 1,024 na farko, daga 0 zuwa 0x3FF, domin taswirar ta tsaya a bayit 128. Wannan ya ishi katin VGA, wanda ƙofofinsa ke tsakanin 0x3B0 da 0x3DF. Sai dai katunan da suka bi tsarin 8514 na IBM suna da ƙofofi can sama da wannan iyaka. Domin su aka buɗe kira na biyu, iopl, wanda ke ɗaga IOPL zuwa 3 ya ba da komai, har da CLI da STI. Dukkan kiran biyu sai mai ikon shugaban tsari ke yin su.

A ɓangaren Microsoft, Windows NT ya rufe ƙofofi ga manhajojin zobe na 3. Masu haɗa na'urori a ɗakunan gwaji suka nemi mafita, har Dale Roberts ya wallafa wata ƙaramar direba mai suna giveio a mujallar Dr. Dobb's a 1996, wadda ke buɗe ƙofofin ta bayan gida. Wannan ya nuna mana cewa bukatar ta gaske ce, ko'ina aka toshe sai mutane sun haƙa rami.

Ranar da taswira ta zama kaya

Tsarin TSS ɗaya ga kowane aiki yana da tsada. Kowane aiki yana cin gurbi biyu a wani tebur na furosesa mai suna GDT, wanda gurabensa 8,192 ne. Saboda haka Linux bai iya wuce ayyuka kusan 4,090 a lokaci guda. Ƙari a kan haka, idan furosesa ce ke sauya aiki, kanel ba shi da ta cewa kan abin da za a adana da abin da za a bari. A Linux 2.2 na 1999 sauyin aiki ya koma hannun kanel, a Linux 2.4 na Janairun 2001 kuma aka koma TSS ɗaya ga kowace furosesa.

Gyaran ya warware matsala ɗaya ya haifo wata. Yanzu allo ɗaya ne, ayyuka kuwa suna karɓa-karɓa a kansa. Idan aikin da ke da izinin ƙofofi zai hau furosesa, dole a kwafo taswirarsa a zuba cikin TSS. Idan wanda ba shi da izini ne zai hau, dole a tabbatar bai gaji izinin wanda ya sauka ba. A nan aka yi amfani da sharaɗin Intel na biyu: maimakon a goge taswira, sai a rubuta lamba 0x8000 a filin da ke nuna farkonta, lambar da ta wuce iyakar TSS. Rubutu ɗaya na bayit biyu, ƙofofi duka sun rufu. Kwafin bayit 128 kuwa sai ga ayyukan da suka kira ioperm kaɗai, waɗanda ba su da yawa. A haka aka zauna lafiya na ɗan lokaci.

Shekarar 2004: daga bayit 128 zuwa 8,192

A Linux 2.6.8, wanda ya fito a Agustan 2004, aka faɗaɗa ioperm ya kai dukkan ƙofofi 65,536. Ta fuskar tsaro wannan ci gaba ne, domin manhaja mai bukatar ƙofa ɗaya a can sama ba sai ta nemi iopl ba. Amma kayan da ake ɗauka ya ninka sau 64.

Domin mu gane nauyin abin, mu tuna cewa ma'ajiyar kusa ta matakin farko a Pentium 4 na farko-farko kilobayit 8 ce ta bayanai. Kwafin taswira cikakkiya ya kai girman ma'ajiyar gaba ɗaya. Bayan lokacin kwafin kansa, duk abin da manhaja ta tara a kusa an ture shi, sai an sake ɗebo shi daga babbar ma'adana mai nisa. Sabar X kuma ba ta zama wuri ɗaya: manhaja ta aiko mata da buƙatar zane, a sauya zuwa gare ta, ta gama a koma, haka dai ba ƙaƙƙautawa. Kowace hawa da kuɗinta.

Dabaru uku aka haɗa a wannan zamani. Ta farko, a riƙa tuna iyakar inda aka taɓa a taswirar, a kwafi zuwa nan kawai. Manhajar da ta buɗe ƙofar firinta 0x378, wato 888 a ƙirgen da muka saba, izininta yana cikin bayit na 112, don haka babu dalilin ɗaukar 8,192. Sai dai akwai tarko: dole a kwafi gwargwadon wanda ya fi tsawo tsakanin taswirar mai sauka da ta mai hawa, in ba haka ba ragowar izinin na farko zai tsaya a wutsiya, na biyu ya gaje shi.

Dabara ta biyu, a rubuta sunan aikin da taswirarsa ke cikin TSS a halin yanzu. Idan sabar X ta sauka, wasu ayyuka marasa izini suka yi nasu, sannan ta dawo, taswirarta na nan ba wanda ya taɓa. Abin da ya rage shi ne a gyara ɗan filin nan ya koma nuna ta.

Dabara ta uku, wadda Davide Libenzi ya kawo, ita ce jinkiri. Kada a kwafi komai lokacin sauyi. A sa wata lamba ta musamman da ta wuce iyaka, 0x9000, a ƙyale aikin ya ci gaba. In bai taɓa ƙofa ba har lokacinsa ya ƙare, an huta. In ya taɓa, furosesa za ta tayar da kuskure na 13, kanel ya duba ya ga lambar jinkiri ce kuma aikin yana da taswira, sai ya kwafa a lokacin, ya mayar da aikin ya maimaita umarninsa. Manhajar ba za ta ma san an yi ba.

Dabarar da aka cire

Ana cikin haka sai duniya ta juya. Furosesoshin wannan zuriya masu bit 64, waɗanda AMD ya fara fitarwa a 2003, sun daina sauya aiki da kansu a yanayin bit 64, amma sun bar TSS da taswirarsa. Reshen Linux na bit 64 bai ɗauki dabarar jinkiri ba, kwafi yake yi kai tsaye. Daga Linux 2.6.24 na farkon 2008 aka soma haɗe rassan biyu, na bit 32 da na bit 64, su zama ɗaya, duk wani bambanci kuma sai ya kare kansa ko ya tafi.

A 2009 Jeremy Fitzhardinge ya cire jinkirin. Hujjarsa ita ce jinkiri na da riba ne kawai idan ayyuka masu taswira suna da yawa amma ba su cika taɓa ƙofa ba. A zahiri kuwa, a kwamfutar tebur sabar X ce kaɗai mai taswira, a manyan sabobi ma babu kowa. Ribar ba ta kai wahalar riƙe hanyoyi biyu ba. A shekarar ce kuma Linux 2.6.29 ya fara mayar da saita katin hoto cikin kanel, abin da a hankali ya raba sabar X da bukatar ƙofofi. Na'urorin zamani ma sun koma magana ta adireshin ma'adana. Dabarar da ta dace da 2004 ta zama kaya a 2009, ba don ta lalace ba, sai don masu bukatarta sun ragu.

Gyaran Thomas Gleixner

Tsohon ramin nan na 1982 yana nan dai: duk wanda ya kira iopl da lamba 3 yana iya kashe ƙararrawar katsewa. A Nuwamban 2019 Thomas Gleixner ya gabatar da jerin gyare-gyare da suka shiga Linux 5.5 a Janairun 2020, suka sake fasalin lamarin gaba ɗaya.

Kanel ya daina ɗaga IOPL na gaskiya. An ƙara taswira ta biyu a cikin TSS, wadda dukkan ƙofofinta a buɗe suke kuma ba ta canzawa. Wanda ya kira iopl sai a nuna masa ita. Ya sami ƙofofinsa 65,536 ba tare da an kwafi ko bayit ɗaya ba, CLI da STI kuma sun fita daga hannunsa. Kuɗin da aka biya shi ne ƙarin kilobayit 8 ga kowace furosesa.

Kwafin taswirar ioperm ma ya tashi daga wurin sauyin aiki. Lokacin sauyi, rufe ƙofofi kawai ake yi da ɗan rubutun nan. Sai aiki ya zo fita daga kanel zuwa zobe na 3 ake duba ko yana da taswira. Kowace taswira tana ɗauke da lambar jeri wadda ke canzawa duk lokacin da aka gyara ta. In lambar ta yi daidai da wadda TSS ya riƙe, ba a kwafi. Wannan jikar dabarar 2004 ce ta tuna mai taswira, amma ta fi ta aminci, domin tana gane ko taswirar ta canza. Sannan idan aiki ya haifi wani, su biyun suna tarayya a taswira ɗaya, sai ɗayansu ya nemi canji ake yi masa tasa. An kuma ba masu haɗa kanel zaɓin cire ioperm da iopl gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya

Gyaran bai wuce lami lafiya ba. A Yulin 2020 aka gano cewa idan Linux na gudana a matsayin baƙo a ƙarƙashin Xen, a yanayin da kanel ba ya taɓa TSS na gaskiya sai ya roƙi Xen, saƙon rufe ƙofofi ba ya isa. Aikin da ba shi da izini na iya gadar izinin wanda ya sauka. Masu Xen suka fitar da sanarwar tsaro mai lamba XSA-329, Andy Lutomirski ya gyara. Duk saurin da aka samu ya rataya ne a kan wannan rubutu guda na rufewa, in ya kuskure komai ya zube.

A 2021 kuma aka kawo ƙorafi cewa wata tsohuwar manhaja mai kula da lafiyar sabobin HP ta daina aiki, saboda tana kiran CLI bayan iopl, yanzu kuma kanel na kashe ta. Ƙa'idar Torvalds sananniya ce: sabon kanel ba ya karya manhajar da ke aiki a da. Peter Zijlstra ya kawo sulhu a Linux 5.16: idan irin wannan manhaja ta yi CLI ko STI, kanel zai kama kuskuren, ya rubuta gargaɗi a kundinsa, ya tsallake umarnin kamar an aiwatar. Manhajar ta ci gaba da aiki, ƙararrawa kuma tana nan a kunne.

Intel da kansa ya so ya rufe babin. A 2023 ya gabatar da shawarar wani tsari mai suna X86S, wanda daga cikin abin da zai cire har da taɓa ƙofofi daga zobe na 3. A ƙarshen 2024 ya janye shawarar. Saboda haka taswirar 1985 tana nan cikin furosesoshin Intel da AMD da muke saye yau.

Ga masu koyon rubuta manhaja a cikinmu, akwai abin ɗauka. Dukkan dabarun nan tambaya ɗaya suke amsawa: wane aiki ne za a iya ƙin yi ba tare da wani ya gaji izinin da ba nasa ba? Rufewa ana yinta nan take domin tana da arha kuma ita ce tsaro. Buɗewa ita ake jinkirtawa, a taƙaita, a tuna wadda aka riga aka yi. Wanda ke da Linux kuma yana iya ganin rabon ƙofofin kwamfutarsa da idonsa: ya buɗe fayil ɗin /proc/ioports da ikon shugaban tsari, zai tarar da allon rubutu a 0060, agogo a 0040, kamar yadda IBM ya ajiye su a 1981. Ku ɗora mana abin da kuka gani a ƙasa, musamman masu tsofaffin kwamfutoci da har yanzu ke da mahaɗar firinta, mu kwatanta. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.